Editanmu na ta yanka min labarai, ko in ajiye aikin in buɗe shafina?

Saƙon wannan makon daga wata ƙanwarmu ne a Tudun Wada, na ɗan rage masa tsawo, ga abin da ta ce:

"Salam Anti, don Allah a sakaya sunana. Na karanci aikin jarida a Poly, yanzu wata bakwai kenan ina rubuta wa wata jaridar Hausa ta intanet labarai daga nan Kaduna. Matsalata editanmu ne. Duk labarin da na tura sai ya yanka shi, ya canza kanu, ya juya farkon, wani lokacin in ya fito ni kaina ba na gane nawa ne. Wataran ma a guruf ɗin ma'aikata zai rubuto 'wa ya gaya miki wannan?' ko 'wannan Hausa ce ko Turanci?' kowa na gani. Ga shi yana son labari shida a rana, kuɗin bai taka kara ya karya ba, data ma da kuɗina nake saya. Ƙawayena sun ce in bari kawai in buɗe shafina a Facebook tunda ina da mabiya. Na fara jin kamar ban iya rubutu ba ne gaba ɗaya. Ga labarai biyu da na tura masa da yadda ya mayar da su. Me kike gani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki, na kuma zauna na karanta labaran nan biyu a tsanake, naki da nasa gefe da gefe, kuma bari in fara da abin da ya fi damunki: kin iya rubutu. Wanda bai iya ba ba ya lura da mai shayin da ya fara ganin hayaƙin gobarar kasuwa, ke kin lura da shi har kin je kin yi magana da shi, wannan idon ba a koyar da shi a aji. Amma gaskiyar da ba za ki so ji ba ita ce, a mafi yawan wuraren da mutumin nan ya sa hannu a rubutunki yana da gaskiya. Inda ba shi da gaskiya shi ne yadda yake faɗa miki a gaban jama'a, da labari shida a rana, da maganar data, duk zan zo kansu. Shawarata dai kar ki ajiye aikin yanzu.

Mu ɗauki labarin gobarar kasuwa da kika turo. Ga yadda kika fara: "A wani al'amari mai ban tausayi da ya girgiza al'umma wanda ya afku a daren jiya, an samu rahoton cewa wata mummunar gobara da har yanzu ba a san musabbabinta ba ta tashi..." Kin ga mun sha kalmomi sama da talatin ba mu san ina ba, ba mu san ko an rasa rai ba, ba mu san ko shagon ɗan uwanmu na ciki ba. Shi kuma ya mayar da shi layi ɗaya, gobara ta ci shaguna a wuri kaza daren Talata, ba a rasa rai ba, in ji hukumar kashe gobara. Shi kenan. Mai karanta ki ba a ofis yake zaune da kofin shayi ba, yana cikin keke napep ne tsakanin Kawo da Kasuwa, rana na haska fuskar wayar, datarsa ta kusa ƙarewa, ga saƙonnin WhatsApp na shigowa, in layinki na farko bai gaya masa komai ba yatsansa ya riga ya wuce. To ki riƙa tambayar kanki, da a ce da gudu kika shigo gida Mama ta ce "lafiya, me ya faru?" me za ki fara ce mata? Ba za ki ce "Mama a wani al'amari mai ban tausayi" ba, cewa za ki yi "gobara ce a kasuwa, amma ba wanda ya mutu". Wannan amsar ita ce farkon labarinki. Sauran, wato ƙarfe nawa ta tashi, su wa abin ya shafa, me 'yan kwana-kwana suka ce, me 'yan kasuwa suka ce, sai su biyo baya daga mafi muhimmanci zuwa wanda ko an yanke shi ba a yi asara ba. Na san an koya muku wannan a makaranta, kowa an koya masa, amma sai an zo kan waya ana sauri sai hannu ya koma wa waɗancan dogayen gabatarwar saboda su muke gani kullum a shafuka har mun ɗauka haka ake rubuta labari.

Kuma "mai ban tausayi" da "mummuna" da "ya girgiza al'umma" ki bar wa mai karatu su. In kin gaya masa wata bazawara ta rasa kekunan ɗinkinta guda uku da kayan sallar mutane da ta karɓa, shi da kansa zai ji tausayin, ba sai kin umarce shi ba.

Yanzu babbar maganar, wadda in ita kaɗai kika ɗauka a duk amsar nan ta ishe ni. "Wa ya gaya miki wannan?" Na san ta yi miki zafi a guruf, amma wallahi ƙanwata babu tambayar da ta kai ta daraja a aikin nan, kuma ranar da kika fara yi wa kanki ita kafin shi ya yi miki, ranar kika zama 'yar jarida. A labarinki kin rubuta shago hamsin suka ƙone, kai tsaye, ba ki jingina wa kowa ba. Na duba har ƙarshe ban ga daga ina hamsin ɗin ta fito ba, kuma ina kyautata zaton daga wani saƙo ne da ake ta turawa a WhatsApp a daren. Shi ya cire ta. Ya yi daidai.

Ki tuna abin da ya faru a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024. Da aka sace 'yan makaranta, adadin da ya zagaya duniya shi ne 287, manyan kafafe na gida da na waje duk shi suka ɗauka. Da yaran suka dawo bayan sati biyu da 'yan kwanaki, gwamnatin jiha da sojoji suka ce 137 ne. To kin ga duk wanda ya rubuta a ranar farko cewa "malaman makarantar sun ce" ko "mutanen garin sun ce" bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da aka gaya masa ya kuma faɗi wanda ya gaya masa. Wanda kuwa ya rubuta adadin tsirara kamar shi ya ƙirga da hannunsa, shi ne ya shiga uku da masu karatunsa. A ranar farko ta duk wani tashin hankali, hari ne, haɗarin mota ne a hanyar Zariya, ambaliya ce, adadi yawo yake yi, mutane na cikin firgici, wanda aka ce ya mutu sai a gan shi da yamma ya fito daga daji. Don haka kafin ki taɓa kibod ki raba abin da ke hannunki gida-gida a zuciyarki: ga abin da na gani da idona, ga abin da wane ya gaya min kuma ya yarda in faɗi sunansa, ga abin da wani ya gaya min amma ya ce in sakaya shi, ga kuma abin da kawai ake ta yaɗawa. Na ƙarshen nan ba labari ba ne tukuna, dalili ne na ki ɗaga waya ki kira mutane. Ki kira kakakin 'yan sanda, ki kira shugaban kasuwa, ki kira mai unguwa, in ba su ɗauka ba ki tura saƙo ki ajiye shaidar kin tura, sannan ki rubuta a labarin cewa kin nema ba ki samu ba har lokacin da aka wallafa. Kuma ki riƙa naɗar hira a waya da sanin mutum, domin ɗan siyasa zai gaya miki magana da safe da yamma ya rantse bai faɗa ba.

Haka hoto da bidiyo. Hoton gobarar da kika haɗa da labarin shi ma ya cire, kin ce kin ji haushi, to ke kika ɗauka? In ba ke ba ce, wa ya ɗauka, yaushe? Hotunan tsofaffin gobara da tsofaffin rikice-rikice, har na wasu ƙasashen, dawowa suke yi duk lokacin da wani sabon abu ya faru. Ki sa hoton a Google Lens, cikin minti ɗaya za ki ga ko ya taɓa fitowa shekarun baya. Ki riƙa leƙa shafukan masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, ba don sakamakon kawai ba, ki karanta yadda suka bi suka gano, a nan darasin yake.

Me ya sa nake matsa miki haka a kan wannan? Saboda a Kaduna kike rubutu. Ku yaran yanzu wasunku ba a haife ku ba ko kuna goye a watan Nuwamba na 2002, lokacin da aka shirya gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja. Wani rubutu ne a jaridar ThisDay, layi ɗaya a cikinsa da ya taɓa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta hannun masu tacewa aka buga. Aka ƙona ofishin jaridar a nan Kaduna, rikici ya ɓarke, sama da mutum 200 suka rasa rayukansu, gasar ma aka kwashe ta zuwa Landan. Wannan fa a zamanin takarda ne, da sai mutum ya je ya saya. Yanzu abin da kika danna da ƙarfe goma, kafin sha ɗaya ya isa Rigasa ya isa Sabon Tasha ya isa Kafanchan, an ɗauki hotonsa an tura guruf ɗari, ko kin goge bai gogu ba. Garin nan kin san yadda yake, kin san yadda mutane suka raba unguwanni bayan rikicin Shari'a na shekarar 2000, wasu suka tsallaka kogi suka koma kudu wasu suka dawo arewa. Saboda haka a labarin faɗa tsakanin mutum biyu, ko sata, ko kisa, kar ki sa ƙabila ko addinin mutum sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da shi, kuma a kanu kam ki yi nesa da shi. Ɓarawo ɓarawo ne, in kin ƙara masa sunan ƙabila kin jawo mutum dubu da ba su ji ba ba su gani ba cikin laifinsa. Editan da ke tsaya miki a kan irin wannan, ko da bakinsa ba daɗi, rufin asiri ne a gare ki.

Ga kuma doka. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, an sha amfani da ita wurin kama 'yan jarida da masu rubutu a soshiyal midiya, an yi mata gyara a 2024 amma har yanzu ba a daina kama mutane da sunanta ba. Ban da ita akwai ƙarar ɓata suna. A labarinki na biyu kin rubuta "an kama ɓarawon da ya sace babura", alhali ko kotu ba a kai shi ba. Mutumin da 'yan sanda suka kama wanda ake zargi ne har sai alƙali ya yanke hukunci, kuma ki sani "ana zargin" ba laya ba ce da za ki rataya a farkon layi sannan ki zuba duk abin da kika ga dama a bayanta, dole ki faɗi wa ke zargin, kuma ki nemi jin ta bakin wanda ake zargi ko lauyansa ko danginsa. Yara kuma a kiyaye. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a labarin fyaɗe da manyan laifuka, ko shi aka yi wa, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Ni zan ƙara miki da cewa ko sunan layinsu da makarantarsu kar ki sa, a unguwanninmu wannan kaɗai ya isa kowa ya gane ko 'yar gidan wa ce, kuma ita za ta rayu da abin har aurenta.

Sai maganar "wannan Hausa ce ko Turanci?" A nan ma na ga abin da ya gani. Yawancin sanarwar da ke zuwa hannunku daga gidan gwamnati ko rundunar 'yan sanda ko ma'aikatu da Turanci suke zuwa, ke kuma sai ki ajiye takardar a gefe ɗaya kina bin ta layi-layi kina juyawa, to dole abin da zai fito ya zama kalmomin Hausa a jere bisa tsarin Turanci. Shi ya sa ake samun jimla mai layi biyar da "wanda" huɗu a ciki, da "an bayyana cewa an samu nasarar gudanar da kamen", alhali "sun kama" ta wadatar. Ga abin da nake so ki gwada daga gobe. Ki karanta sanarwar sau biyu har ki gane me ake cewa, ki rubuta sunaye da adadi da ranaku a gefe don kar ki kuskure su, sannan ki rufe ta gaba ɗaya, ki rubuta labarin da ka kamar kina ba wani. In kin gama sai ki buɗe ki duba ko kin tsallake wani abu. Za ki ga rabin sanarwar ma yabon oga ne da ba ruwan mai karatu da shi, kuma sau da yawa ainihin labarin yana can sakin layi na shida a ɓoye, misali a yi ta bayanin taro da waɗanda suka halarta sai can ƙasa a ce za a rufe hanya kaza na wata uku. Rufe hanyar nan shi ne labarin, shi za ki ɗauko ki kai sama. Na'urorin fassara da waɗannan manhajojin AI da kowa ke amfani da su yanzu ba zan ce kar ki taɓa su ba, amma duk abin da suka ba ki ki ɗauke shi a matsayin ɗanyen abu, sukan juya ma'ana, sukan mayar da mace namiji, wani lokacin har su ƙara abin da babu shi a asali, kuma in aka buga sunanki ne a sama ba nasu ba.

Ki rage "ya bayyana cewa", na ƙirga ta a kusan kowane sakin layi naki. "Ya ce" ba ta da laifi, ko sau goma ta zo mai karatu ba ya jin nauyinta. "Ya sha alwashi", "ya yi tir", "ya jaddada", "ya koka" kowacce da ma'anarta, ba ado ba ne da ake sauyawa don kar a maimaita, in mutum bai sha alwashi ba kar ki shayar da shi.

Rubutun kansa kuma, don Allah ki sa kibod ɗin Hausa a wayarki, Gboard na da shi, kyauta ne, ki riƙa sa ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. A hira da ƙawaye ba wanda zai tuhume ki, amma a labari akwai ranar da rashin ƙugiyar nan zai juya miki ma'ana a kanu kowa ya yi ta dariya ko ya yi ta zagi. Ki kula da raba kalma, "shi ne" ba "shine" ba, "ya ce" ba "yace" ba, "a kan" ta wuri daban "akan" ta sabo daban. Sunan mutum da muƙaminsa ki tambaye shi yadda yake rubutawa, akwai Muhammad akwai Mohammed akwai Mamman, kuma mutum zai yafe miki abubuwa da yawa amma ba ya manta wanda ya ɓata masa suna. Sannan ki buɗe kunne. Muna da gado a wannan aikin fa, ba yau aka fara ba. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta na farko, Rediyon Kaduna tun 1962 yake magana da Arewa, jaridar New Nigerian a garin nan aka kafa ta a 1966, BBC Hausa kuma tun 1957. Ki saurari labaran rediyo da kunnen mai koyo, ki ji yadda tsofaffin masu karanta labarai ke gajarta jimla saboda numfashi. Wannan ma dabara ce da za ki ɗauka: kafin ki tura kowane labari ki karanta shi da murya, ko a hankali ne a bakin gado, duk inda numfashinki ya yanke kafin ki kai aya to jimlar ta yi tsawo, ki raba ta biyu. A waya kuma sakin layi ya zama gajere, jimla biyu ko uku, saboda abin da yake layi uku a kwamfuta bango guda ne a fuskar waya.

Kanu kuwa, na ga naki na labarin baburan: "Da ɗumi-ɗumi: Abin da ya faru a Kaduna zai ba ka mamaki". Na san irinsa na jawo dannawa, kuma na san wasu masu shafukan shi suke so. Amma mutum sau nawa za ki yaudare shi? Ya danna sau ɗaya ya ga ba abin mamaki, ya danna na biyu, a na uku ko gaskiya kika kawo ya daina yarda. Ban da haka mai neman labarin a Google sunan wuri da abin da ya faru zai rubuta, ba zai rubuta "zai ba ka mamaki" ba, don haka kanun da ya faɗi wa ya yi me a ina shi ne zai ci gaba da kawo miki mutane bayan sati. "Da ɗumi-ɗumi" ki ajiye ta sai ranar da abin ya faru yanzu-yanzu kuma ya isa a tsayar da mutane dominsa.

To yanzu mu dawo kan ogan naki. Gyara a gaban jama'a da sigar wulaƙanci ba daidai ba ne, ko da gyaran gaskiya ne, kuma kina da haƙƙin ki faɗa masa. Amma ba a guruf ba, kuma ba ranar da ranki ke ɓace ba. Ki same shi ko ki kira shi, ki ce "Yallaɓai ina ƙaruwa da gyaran da kake min, ina roƙon ka riƙa turo min kai tsaye, kuma in da hali ka ɗan gaya min dalilin wasu don kar in maimaita." Editoci da yawa ba mugunta ce ke sa su haka ba, mutum ɗaya ne ke tace labari talatin a rana yana faɗa da wuta da netwok, shi ma haka aka yi masa yana yaro sai ya ɗauka haka ake koyarwa. Wannan ba uzuri ba ne, amma zai taimaka miki ki san ta inda za ki ɓullo masa. In kin yi haka ya ci gaba da cin mutunci, ko abin ya wuce gyaran aiki ya koma zagi ko wata magana da ba ta dace tsakanin oga da ma'aikaciya ba, to wannan wani babi ne daban, ki ajiye saƙonnin, ki gaya wa na sama da shi da wani babba a gida, ki nemi shawarar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ko ta mata 'yan jarida NAWOJ, kuma a lokacin ni da kaina zan ce ki tafi.

Kafin nan ga aikin da zan ba ki. Ki samu littafi, duk labarin da ya fito ki ajiye naki da nasa ki duba me ya canza, ki rubuta. Ba za ki daɗe ba za ki ga gyaran nasa ba su da yawa, abu huɗu ne ko biyar yake ta maimaitawa, farkon labari, jingina magana, tsawon jimla, kanu. In kin gane su sai ki riga shi. Wani gyaran kuma za ki ga bai yi daidai ba, kamar yadda ya cire maganar mai shayin nan, ni da ni ce da na bar ta domin ita ce ta sa labarin ya zama naki ba na kowa ba. Irin wannan ki yi masa magana da hujja, edita na girmama wanda ya san dalilin kowane layi da ya rubuta.

Labari shida a rana kuwa, mu faɗi gaskiya, ba wanda zai je wuri ya yi hira ya tantance ya rubuta shida. Abin da ake samu shi ne kwafe na wasu a canza kalma biyu, kuma wannan sata ce ko an saba da ita, in kin ɗauko daga wata kafa ki faɗi sunanta. Ki ba shi tayin da zai iya karɓa: gajeru huɗu daga sanarwa da abin da ke gudana, sannan ɗaya naki na kanki da kika fita kika nemo, ko da sau biyu ne a sati. Waɗannan na kankin su ne dukiyarki, su za ki nuna gobe in kina neman aiki a babbar kafa ko tallafin bincike, ba wanda zai tambaye ki sanarwa nawa kika fassara. Ki tabbata sunanki na fitowa a kansu, ki riƙa ajiye kwafinsu a imel ɗinki saboda shafukan nan kan mutu dare ɗaya da duk abin da ke ciki. Maganar data da kuɗin mota ki kawo ta a zaman, a lissafe, ga abin da nake kashewa a wata ga abin da nake karɓa, kuma ki nemi a rubuta yarjejeniyar ko a saƙo ne. Ina jin tsoron ƙarancin kuɗin nan ne saboda na san inda yake kai matasa, wato jiran ambulan ɗin kuɗi bayan taron manema labarai, kuma wanda ya ba ki ambulan yau gobe ba za ki iya rubuta gaskiya a kansa ba.

Shafin Facebook da ƙawayenki ke cewa, ban ce kar ki taɓa yi ba, akwai waɗanda suka fara haka suka yi nisa. Amma ki san me za ki rasa. Yau in kin yi kuskure akwai mai tare shi kafin duniya ta gani, in aka kawo ƙara akwai kafar da za ta tsaya a gaba. A shafinki ke ce mai rahoto, ke ce edita, ke ce lauya, ke ce za a zo nema har gida a Tudun Wada, kuma mabiya ba sa gyara miki rubutu, tafi suke yi ko zagi. Kuɗin da ake cewa ana samu ma ba ya zuwa da wuri kuma ba shi da tabbas, sannan yakan tura mutum ga duk abin da zai jawo dannawa ko mene ne shi. Ki ba kanki ko shekara ɗaya nan gaba a ƙarƙashin mai gyara, wannan ko wani, shafin kuma ki riƙa sa labaranki da suka riga suka fito, in dokar wurin aikinku ta yarda, mabiyan ba inda za su.

Labarin baburan nan ki sake rubuta shi da kanki, kar ki kalli nasa. Ki nemo inda aka kwana a maganar, an kai mutumin kotu ko an sake shi, ki ji ta bakin ko mutum ɗaya cikin masu baburan, ki ba shi kanun da ya faɗi abin da ya faru, kar ya wuce kalma 300. In kin gama ki turo min ta inda kika turo wannan saƙon, zan duba miki. Allah Ya yi miki jagora, ki gaida Mama.